ZAMAN FATAKENMU A GWANZU LOKACIN HUTUN SABUWAR SHEKARAR SINAWA

Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan kasuwarmu masu zuwa ƙasar Sin, a taron ƙungiya



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, da sauran 'yan'uwa da suka taso daga Agege da Idi-Araba da Mil 12, har da baƙinmu na Sabon Ibadan da Shagamu, muna yi wa kowa barka da zuwa. Allah Ya saka da alheri, Ya maida kowa gidansa lafiya.

An umarce mu, mu da muke zuwa saro kaya ƙasar Sin, mu yi wa jama'a bayanin yadda zama yake a can idan hutunsu na sabuwar shekara ya kama. Dalili kuwa shi ne, yaranmu da dama sun fara shiga wannan hanya, wasu da jarin iyayensu, wasu da kuɗin adashin matan unguwa, kuma wannan hutu shi ne ramin da ya fi cin sabon shiga. Tun da gani ya kori ji, to bari mu faɗi abin da muka gani.

INA NE GWANZU?

Birnin Guangzhou, wanda mu fatake muke kira Gwanzu, shi ne hedikwatar lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin. Mafi yawanmu ta Adis Ababa muke bi, wasu ta Alƙahira ko Doha ko Dubai, mu sauka a filin jirgin sama na Baiyun. Suna gabanmu da awa 7, wato idan ana kiran Azahar a Legas, su can sun yi Isha'i. Baƙaƙen fata sun fi taruwa a unguwanni biyu, Xiaobei da Sanyuanli. Xiaobei ita ce ta fi yawan Musulmi, nan za ka ga mutanen Mali da Gini da Nijar da Senegal, da Larabawa, da Musulmin ƙasar su kansu. Sanyuanli kuwa 'yan'uwanmu Ibo sun fi yawa. Daga nan ake watsuwa: mai neman waya da kayan lantarki ya nufi Shenzhen, mai tayil da kujeru ya nufi Foshan, mai yadi ya shiga kasuwar Zhongda ko ya wuce Keqiao, mai ƙananan kaya kuma ya hau jirgin ƙasa zuwa Yiwu da ke lardin Zhejiang.

Mu nan baƙunta ba sabon abu ba ce a gare mu. Kakanninmu goro da shanu suka kawo su ƙasar Yarbawa, tun 1916 aka yanka musu unguwar Sabo a Ibadan. Mun san yadda Alaba da Idumota suke yin tsit a ƙarshen Disamba idan Ibo sun tafi gida Kirsimeti, su ma sun san yadda Mil 12 take raguwa idan mun tafi Arewa Sallah. To ku ɗauki wannan ku ninka shi sau dubu, shi ne hutun Sinawa.

YADDA HUTUN YAKE

Su ma da wata suke ƙirga wannan biki, ranar da sabon wata ya kama ita ce ranar ɗaya ga shekararsu. Bambancinsu da mu shi ne, duk bayan shekara biyu ko uku sukan ƙara wata guda a cikin shekara, don haka bikin ba ya zagayawa kamar azuminmu, kullum yana tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2024 ya faɗo 10 ga Fabrairu, a 2025 ya faɗo 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu. Na 2027 ranar 6 ga Fabrairu ne, na 2028 kuwa 26 ga Janairu. Kowa ya rubuta waɗannan ranaku a littafinsa.

A takarda hutun gwamnati bai fi kwana 8 ko 9 ba. Amma fa wannan na ofis ne da banki. Ma'aikatan masana'antu yawancinsu ba 'yan Gwanzu ba ne, 'yan ci-rani ne daga lardunan Hunan da Sichuan da Guangxi da Henan da sauransu, kuma sau ɗaya tak suke ganin iyayensu da 'ya'yansu a shekara. Saboda haka tun saura mako biyu ko uku suke fara tattara jakunkuna, kuma da yawa ba sa dawowa sai an yi bikin fitilu, ranar 15 ga watan. Hukuma ma kwana 40 take ware wa wannan zirga-zirga, 15 kafin bikin, 25 bayansa. A 2025 sun ƙirga tafiye-tafiye kimanin biliyan 9 a cikin waɗannan kwanaki, har da masu motar kansu, kuma sama da miliyan 500 daga ciki ta jirgin ƙasa ne. Tsofaffin hannu a cikinmu suna tuna 2008, lokacin da ƙanƙara ta tsayar da jirage, dubban ɗaruruwan mutane suka yi kwanaki a gaban tashar jirgin ƙasa ta Gwanzu cikin ruwa da sanyi.

Ga ɗan kasuwa dai, a lissafa wata guda cur babu aiki. Ko an buɗe ma, sai ka tarar rabin ma'aikatan sababbi ne, domin wasu sun canza kamfani, wasu sun zauna gida. Shi ya sa kayan da aka fara yi bayan hutu su suka fi zuwa da matsala: ɗinki a karkace, kala ta saɓa da samfur, ƙafar takalmi ɗaya ta fi ɗaya. Haka kuma na gab da hutu, saboda gaggawa.

RAYUWAR YAU DA KULLUM

Idan ranar ta matso, wanda ya saba da cunkoson Xiaobei sai ya rantse ba garin ba ne. Shagunan benen Tianxiu a rufe, an manna jar takarda a ƙofa ɗauke da ranar dawowa. Masu turin kaya babu, masu ɗaure kwali babu, ofisoshin masu aika kaya a garƙame. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da kan cika har ba wurin sa ƙafa, sai ka shiga ka zaɓi kujerar da kake so.

Abu na farko da yake damun baƙo shi ne abinci. A ranakun kasuwa ba mu da matsala, akwai gidajen taliya na Musulmin ƙasar, 'yan ƙabilar Hui daga Qinghai da Gansu, akwai masu gasa nama da gurasa daga Xinjiang, ga gidajen abincin Larabawa da Turkawa, ga kuma matan Afirka masu dafa shinkafa da teba da sakwara a cikin ɗakunansu, a kira su a waya su kawo har otal. Lokacin hutu da yawansu rufewa suke yi, tun da masu saye sun watse. Kayan miya su yi tsada, mai kawo abinci a babur ya yi wuya. Saboda haka masu hankali tun saura mako suke sayen shinkafa da mai da ƙwai da albasa, su nemi naman halal su cika firji. Daga gida kuma akan taho da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da garin kunu. Amma kada wanda ya sako kilishi ko dambun nama a jaka, dokarsu ta hana shiga da nama, kwastan za su ƙwace.

Na biyu sanyi. Gwanzu ba ta ƙanƙara kamar Bejin, amma sanyinta mai laima ne, yana shiga ƙashi, kuma gidajen kudancin ƙasar ba a sa musu bututun ɗumama ɗaki irin na arewacinsu. Wanda ya taso daga zafin Legas da 'yar shara da silifa zai gane kurensa. Alwalar asuba kawai ta ishe shi jarrabawa. A tafi da rigar sanyi da safa da hula, da maganin mura da wanda mutum ya saba sha na hawan jini ko suga, domin neman magani a garin da ba ka jin yarensu, a ranar da rabin shaguna suke rufe, aiki ne babba.

Na uku shi ne kaɗaici, kuma wallahi shi ya fi nauyi. Kana ɗaki ɗaya a bene na goma sha wani abu, kana leƙen titi ba kowa, kana jiyo ƙamshin girkin maƙwabta da dariyar jikokinsu, kai kuwa naka suna Agege. WhatsApp ba ya aiki a can kai-tsaye, sai WeChat, don haka wanda bai saka wa iyalinsa WeChat a waya kafin ya taso ba, zai sha wahalar jin muryarsu. Ga bambancin lokaci: sa'ar da yara suka dawo daga Islamiyya, kai dare ya raba. A irin wannan zaman banza ne shaiɗan yake samun ƙofa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mun ga samarin da suka je da tarbiyyarsu, wata guda na rashin aiki ya haɗa su da abokan banza, jari ya tafi a gidajen rawa da caca ta waya. Maganin da muka gani yana aiki shi ne zama cikin jama'a. Mutum huɗu ko biyar su haɗa tukunya ɗaya, yau girki a ɗakin wannan, gobe a ɗakin wancan, a yi jam'i tare, bayan Magariba wanda ya fi karatu ya ɗan ja baƙi, a yi hirar gida. Wanda ba a gani ba kwana biyu a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Zumunta a ƙafa take, ko a ƙasar Sin.

Ranar Juma'a kuwa ita ce ranar farin ciki. Akwai tsohon masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya, wanda ake lissafawa cikin mafi daɗewa a ƙasar, amma taron ya fi yawa a masallacin Xianxian, inda akwai kabarin da mutanen wurin suke dangantawa da Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, ko da yake malaman tarihi sun tafi a kan cewa a Madina aka binne shi. Nan za ka ga Basine da Balarabe da Bafakistane da Bahaushe kafaɗa da kafaɗa. Nan ake jin wane ya iso, wane ba shi da lafiya, wane kuma an tsare shi.

ZAMA DA MASU GARI

Bikin nasu na iyali ne. Daren jajibiri kowa yana gida ana cin abinci tare, ana manna jajayen takardu a ƙofa, ana ajiye bishiyar lemo ƙanana a bakin shago. Gwanzu ta yi suna da kasuwar furanni da ake ci kwanaki kaɗan kafin ranar, ya kamata baƙo ya je ya ba idonsa abinci. Suna da al'adar sa kuɗi a jar ambulan su ba yara da marasa aure da masu gadi da masu shara, kamar dai goron Sallah a wurinmu. Ɗan kasuwar da ya daɗe yakan ba mai gadin benensu da yaron sitonsa ɗan wani abu, kuma yakan ga amfanin haka duk shekara. Abin da ya shafi bautarsu, kamar ƙona turare ga kakanni da zuwa ɗakin gumaka, babu ruwanmu da shi. Kyautata wa maƙwabci da abokin ciniki kuwa mun koya tun a makarantar allo. Wanda ya ji shakka a kan wani abu ya tambayi malamai kafin ya tafi.

Idan an gayyace ka cin abinci, ka faɗa tun farko cewa kai Musulmi ne, domin naman alade da kitsensa suna shiga abincinsu da yawa, har da wainar da suke yi ta bikin, kuma sukan zuba giya a girki. Yawancinsu suna girmama wannan idan an gaya musu. Kada ka kai musu kyautar agogo, kada ka ba da abu guda huɗu, domin a yarensu lafazin huɗu ya yi kusa da na mutuwa. Takwas kuwa suna sonta, shi ya sa shaguna da yawa sukan zaɓi ranar 8 ga wata su buɗe. Wani abu kuma, Basine ba ya son shiga sabuwar shekara da bashi, nasa ko na wani. Idan yana bin ka ciko, zai matsa maka kafin hutu don ya sallami ma'aikatansa. Wanda ya biya a kan lokaci ya sayi mutunci, badi shi za a fara yi wa kaya.

MAGANAR TAKARDU

Nan ne muke roƙon iyaye su buɗe kunne. Dokarsu ta shige da fice, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce baƙon da bai sauka a otal ba dole ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Mai son a ƙara masa kwanaki dole ya kai takardunsa saura kwana 7 bizarsa ta ƙare. Wanda ya wuce wa'adi, tararsa yuwan 500 ce kowace rana, har zuwa yuwan 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya korarsa a hana shi dawowa na wasu shekaru. To ofishin da ake sabunta biza yana rufewa a kwanakin hutu, kujerar jirgi kuma ta yi tsada. Yaro ya shiga a tsakiyar Janairu da bizar kwana 30, ya ba da kafin alƙalami, aka ce masa kaya sai bayan hutu, ya ce bari ya jira. Kafin ya farga biza ta mutu, ya koma ɓuya a ɗaki, ba ya iya zuwa ko masallaci. Yawancin waɗanda suka maƙale a can da haka suka fara.

Kada kuma mu manta da abin da ya faru a watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, da aka fitar da baƙaƙen fata da yawa daga gidajen haya da otal-otal a Gwanzu suka kwana a titi, har Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin a Abuja ya nuna masa ɓacin ran Nijeriya. An sake buɗe iyakokin ƙasar a Janairun 2023, harka ta dawo, amma darasin yana nan: baƙo raɓa ne, takardarsa ita ce rigarsa. Nijeriya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Gwanzu, kowa ya san inda yake tun ranar da ya sauka.

HUTUNSU DA SALLARMU

Yanzu ga inda maganar ta shafi kowa a wannan zaure, har wanda bai taɓa hawa jirgi ba. A 2026 da 2027 da 2028, sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa ne kwana ɗaya zuwa biyu kafin a ɗauki azumi, domin jinjirin wata ɗaya muke kallo mu da su. A 2029 kuma za ta zo daidai da ƙaramar Sallah. Ma'ana, daidai lokacin da kasuwar yadi da leshi da mayafi da takalma da kayan yara take tashi a wurinmu, lokacin ne masu yin kayan suke kulle ƙofa.

Mu ɗauki 2027 mu yi lissafi. Ana sa ran Sallah wajen 9 ko 10 ga Maris. Teloli da 'yan sari suna son kaya tun farkon Sha'aban, wato wajen 9 ko 10 ga Janairu. Jirgin ruwa daga Nansha ko Shenzhen zuwa Apapa ko Tin Can ko Lekki yakan ci mako biyar zuwa bakwai, fitar da kwantena daga tasha kuma a sa mako biyu zuwa uku idan Allah Ya taimaka. Kun ga ke nan dole a yi lodi a farkon Nuwamba. Masana'anta kuma tana buƙatar wata guda ko fiye, ga hutunsu na ranar ƙasa da yake cin makon farko na Oktoba. Ashe odar kayan Sallah tun Satumba ake ba da ita. Wanda ya jira baje kolin Canton na tsakiyar Oktoba, sai dai ya sayi abin da ya tarar a sito. Wanda ya tashi a Disamba kuwa zai tarar kuɗin kwantena ya hau saboda kowa yana rububin lodi kafin hutu, kayansa su iso ana saukowa daga Idi, su yi kwantai, kafin wata Sallah yayi ya wuce. Sai dai ya aiko ta jirgin sama, kuɗin awo ya cinye ribar.

Babbar Sallah ma ba ta tsira ba. Tana tsakiyar Mayu a 2027. Idan sai ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris masana'anta za ta kama aiki sosai, a gama kaya a Afrilu, to jirgin ruwa ba zai kawo su a kan lokaci ba. Don haka kayan Layya ma gara a gama su a loda kafin a tafi hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda azumi ya riske shi a can kuwa, tsawon yini kimanin awa 13 ne a Fabrairu, ga sanyi, ba ƙishirwa. Wahalar ita ce sahur da buɗa-baki a garin da gidajen abinci suke rufe a makon farko, ba kiran salla a lasifika a unguwa, ba mai kiɗan gwangwani da zai tashe ka. Ranar Sallah ma a Gwanzu ranar aiki ce, ka sauko daga Idi ka wuce sito.

SHAWARWARINMU GA ƘUNGIYA

Na ɗaya, duk shekara sakatare ya buga ranar hutun Sinawa a wannan mujalla tare da ranakun azumi da Sallah, tun watanni shida kafin lokaci.

Na biyu, kada uba ko maigida ya saki yaro sabon shiga ya tafi tsakanin tsakiyar Disamba da ƙarshen Fabrairu. Tafiyar farko a yi ta a Afrilu ko Satumba, kuma a haɗa shi da babba.

Na uku, kada a biya kuɗin kaya duka gab da hutu. A ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar gamawa da ranar lodi a takarda mai hatimin kamfani, ciko sai an ga kaya da ido. Kamfanin da zai karye, yawanci a wannan hutu yake rufewa ba ya sake buɗewa.

Na huɗu, wanda zama ya kama shi a can ya bar wa iyalinsa cefanen azumi da kuɗin makaranta kafin ya taso, kada ya dogara da aike. Ya kuma bar sunan otal ɗinsa da hoton fasfonsa wurin shugaban 'yan kasuwa.

Na biyar, muna roƙon a buɗe ɗan asusu, kowane mai zuwa Sin ya riƙa zuba wani abu duk tafiya, don ranar da ɗayanmu zai kwanta asibiti, ko a tsare shi, ko ta Allah ta kasance a can. Kuma iyayenmu mata masu ba da kuɗin adashi a saro musu kaya, ku riƙa tambayar ranar tafiya da ranar lodi kafin ku miƙa, haƙƙinku ne.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Masu tambaya a kan kuɗin awo da harkar kwastan su same mu bayan an tashi, muna nan har La'asar. Allah Ya tsare matafiyanmu a sama da ruwa da ƙasa, Ya sa albarka a kasuwa, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu a nan da can. Allah Ya ja zamanin Sarki.